Sharhi: BRICS ta yi faɗi, amma dala na nan daram

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

A watan Janairun 2024 Masar da Habasha suka shiga BRICS, ƙungiyar ƙasashen Brazil da Rasha da Indiya da Sin da Afirka ta Kudu, tare da Iran da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. An yi ta kururuwa cewa ƙasashe masu tasowa sun samu inuwar fakewa, sun huta da kai ƙoƙon bara birnin Washington, mazaunin manyan cibiyoyin ba da rance na duniya. To, ba a cika wata uku ba Masar ta ƙulla yarjejeniyar rancen dala biliyan 8 da asusun ba da lamuni na duniya, IMF. A watan Yuli Habasha ta bi sahu, ta samu amincewar dala biliyan 3 da miliyan 400. Kowacce sai da ta saki kuɗinta kasuwa ta yi masa farashi, fam na Masar da bir na Habasha suka zube, talaka ya ji a jikinsa.

Duk mai son sanin ƙarfin BRICS na gaskiya, ya duba ƙofar da 'ya'yanta ke ƙwanƙwasawa ranar da ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Ba wai koken nasu ba shi da tushe ba ne. Tsarin kuɗin da duniya ke tafiya a kansa an tsara shi ne a 1944, lokacin da Indiya da kusan duk Afirka ke ƙarƙashin mulkin mallaka. Har gobe Ba'amurke ake ba shugabancin Bankin Duniya, IMF kuma ɗan Turai. Amurka na da kusan kashi 16 cikin ɗari na ƙuri'un IMF, manyan shawarwari kuwa sai da kashi 85, wato ita kaɗai ta isa ta taka wa kowa birki. Sin, duk girman tattalin arzikinta, kashi 6 da 'yan kai take da shi. Wannan rashin adalcin ne ya zaunar da Brazil da Rasha da Indiya da Sin a taronsu na farko a Rasha cikin 2009, kafin Afirka ta Kudu ta shigo. Sai 2022 ta ƙara wa wutar fetur: bayan mamayar Yukiren, ƙasashen Yamma suka riƙe kusan dala biliyan 300 na ajiyar babban bankin Rasha. Daga Riyadh har Beijing, kowane gwamnan babban banki ya shafa wa gemunsa ruwa.

Sun kuma yi abin a zo a gani. A taron da suka yi a birnin Fortaleza na Brazil cikin 2014 suka amince da kafa bankin raya ƙasa mai hedikwata a Shanghai, wanda tsohuwar shugabar Brazil Dilma Rousseff ta karɓi ragamarsa a 2023. Suka kuma kafa asusun ko-ta-kwana na dala biliyan 100, Sin ta ɗauki alkawarin biliyan 41. Amma a saurari sharaɗin da ke ciki: kashi 30 kacal na rabonta ƙasa za ta iya ɗauka kai tsaye, sauran kashi 70 sai tana da yarjejeniya da IMF. Adashi ne da ba a ba ka kwasarka sai ka kawo takarda daga mai bin ka bashi. Shi kansa bankin na Shanghai, a watan Maris na 2022 ya dakatar da sabbin hulɗoɗi da Rasha, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, domin shi ma a kasuwannin da dala ke mulki yake neman kuɗi.

Batun ciniki da kuɗaɗen gida ma ba ya rasa ƙaya. Indiya ta sayi man Rasha mai yawa cikin rahusa, amma a 2023 ministan harkokin wajen Rasha Sergei Lavrov ya koka cewa sun tara biliyoyin rupi a bankunan Indiya da ba su iya amfani da su. Dalili a fili yake: abin da Rasha ke sayarwa Indiya ya ninka abin da take saya daga gare ta. Gaskiya ne rabon dala a ajiyar manyan bankunan duniya ya sauko daga sama da kashi 70 a farkon wannan ƙarni zuwa ƙasa da 60, amma kuɗin Sin, yuwan, bai wuce kashi 2 da ɗoriya ba.

Cikin gidan ma ba lafiya lau ba. Sojojin Indiya 20 suka mutu a arangama da na Sin a kwarin Galwan cikin 2020, Masar da Habasha kuwa ba sa ga maciji kan madatsar ruwan kogin Nilu. A ganina, babu mai ɗinke wannan ɓaraka kamar shugaba Donald Trump, wanda ya yi barazanar harajin kashi 100 idan suka ƙirƙiro kuɗin da zai maye gurbin dala, sannan a 2025 ya lafta wa kayan Brazil da na Indiya harajin kashi 50. Cikin 'yan makonni aka ga Firaministan Indiya Narendra Modi a Sin, karon farko cikin shekara bakwai.

Najeriya ta zama abokiyar hulɗar ƙungiyar a Janairun 2025, matsayin da ke ba ta kujera a zauren taro ba tare da cikakken wakilci ba. Tun 2018 take da yarjejeniyar musayar kuɗi ta yuwan biliyan 15 da Sin. Amma ɗan kasuwar Kantin Kwari da zai yi odar atamfa da shadda daga birnin Guangzhou na Sin, sau tari sai ya fara kiran ɗan canji a Wapa ya tambayi nawa dala ta kwana, kafin ya san abin da zai ɗora a kan kowace dila. Ranar da zai shiga bankinsa da naira ya biya Basine da yuwan ba tare da jeka-ka-dawo ba, ranar ce maganar sauyin za ta iso Kano.

Shugabancin karɓa-karɓa na ƙungiyar a 2026 kuwa na hannun Indiya, wadda ministan harkokin wajenta Subrahmanyam Jaishankar ya sha nanata cewa ba su da wata manufa ta kawar da dala.