Kada ka toshe wannan tiyon: abin da ke sa kabureta zubar da mai bayan an sauke inji

Assalamu alaikum, jama'a. Kwana biyun nan saƙo iri ɗaya nake ta samu: an sauke inji, an sa sabon ringi (zoben ƙarfen da ke jikin fistin), babur na tashi bugu ɗaya, amma da safe sai ka tarar fetur ya jiƙa ƙasa. Har na ga masu koya wa mutane su ɗaure ɗan tiyon da ke ƙarƙashin kabureta (wurin da fetur ke gauraya da iska kafin ya shiga inji) ko su cusa masa ƙusa. Wannan ne ya sa na ɗauko tsohon Honda CG125 ɗin nan.

Bari mu yi saurin kawar da matsalolin da ke wajen kabureta. Goge ko'ina da tsumma ya bushe, sannan ka bi hanyar mai daga tanki: famfon mai, tiyo, bakin kabureta. Tiyon da ya tsufa yakan taurare, in aka zare shi aka mayar ba ya ƙara kamawa. Lanƙwasa shi. Kun ga tsagar nan? Canza kawai. Famfo in yana naso, robar ciki ce. Shi ke nan.

Yanzu ga inda ake rikicewa. Wannan ɗan kofin da ke ƙasan kabureta, nan mai ke taruwa. A ciki akwai fulot, yana yawo a kan mai, manne da wata 'yar allura. Mai ya cika, fulot ya taso, allura ta rufe ƙofa. Daidai da tankin ruwan masai. To in allurar ba ta rufe ba, mai zai ci gaba da hawa, shi ya sa aka yi masa wannan tiyon domin ya zubo ƙasa. Zubar da kake gani ƙararrawa ce. Ka toshe shi, man bai daina zuwa ba, hanya ya sake: ya gangara cikin silinda, ya wanke baƙin man da ke jikin sabon ringinka, ya sauka ya gauraye da baƙin man inji. Shi kuwa duka-duka kusan lita 1 ne, ba ya buƙatar fetur mai yawa kafin ya tsinke. Kuɗin sauke inji ya tafi a kan ƙusa ɗaya, wallahi abin takaici.

Me ya sa sai bayan gyara? Kabureta ta kwana da kwanaki a ƙasan gareji, man ciki ya bushe ya bar danƙo. An cire tanki an jingine, tsatsar da ta yi shekaru a kwance ta motsa. Ana buɗe famfo, ƙwayar tsatsa ɗaya ta maƙale a mazaunin allura. Ba lallai laifin bakanike ba ne, ko da yake oga ya kamata ya wanke tanki kafin ya mayar.

Gwaji. Rufe famfo. Zuba ta tsaya bayan ɗan lokaci? To matsalar tana cikin kabureta. Ɗan ƙwanƙwasa kofin da bayan sukundireba, a hankali, ba dambe muke ba. Wani lokacin fulot ne ya maƙale, nan take ya saku.

Bai yi ba? Kwance kofin. Ɗaga fulot da yatsa ɗaya, kada ka danna, sannan ka buɗe famfo. Ku kalli nan da kyau. Yana ɗiga, alhali a rufe yake. Zare ɗan ƙarfen da ke riƙe da fulot, allura ta fito. Kun ga wannan zoben da ya fito a kan tsininta? Ta cinye, wanki ba zai yi mata komai ba, sai sabuwa. In tsinin lafiya yake, datti ne, wanke mazaunin ka hura. Shi kuma fulot kai shi kusa da kunne ka girgiza. Ka ji ruwa a ciki, ya huje, ba zai ƙara tasowa ba.

In kuma ɗaga fulot ya tsayar da mai amma zuba na nan, duba ɗan bututun tagulla da ke tsaye cikin kofin, yakan tsage, da kuma sukurun zubar da mai na ƙasa. Masu matse shi da ƙarfi, haka ake lalata zaren.

Kafin ka buga kik, zaro ma'aunin baƙin mai ka shinshina. Ƙamshin fetur, ko ka ga ya haura inda aka zuba shi? Juye shi, ko jiya aka sa. Ni dai a wurina, sai an sa ɗan filta a tiyo, kuma famfo a rufe duk dare. Don Allah a yi wannan aikin a waje, nesa da murhu da mai shan taba.