Darasin Gyara: Akwatin Type CA na Osiloskop ɗin Tektronix

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu gyara, barkanmu da warhaka. Yau akwatin Type CA ne a kan tebur, irin wanda ake zurawa a cikin osiloskop ɗin Tektronix 545, injin da kamfanin nan na jihar Oregon a Amurka ya fito da shi a 1955. Osiloskop inji ne da ke nuna siginar lantarki a matsayin layi a kan gilashi.

Dabarar ita ce, babban injin yana riƙe da gilashi da wutar da ake rabawa, shi kuma akwatin nan shi ne ke fara karɓar siginar ya ƙara mata ƙarfi. Kana son layi biyu a gilashi, sai ka zura CA. Aiki ya canja, ka zare shi ka zura wani, ba sai ka sayi sabon inji ba.

To ku matso ku ga bayansa. Waɗannan haƙora 16 ta nan wuta ke shiga, ta nan sigina ke fita. Akwatin ba shi da wutar kansa, don haka kafin ka ɗora masa laifi, ɗauki mita ka auna wutar volt -150 a babban injin, domin da ita ake daidaita su +100 da +225 da +350. In ta kauce, komai ya kauce. Kuma don Allah a yi hattara, wutar nan tana kisa. Hannu ɗaya ya yi aiki, ɗayan a aljihu.

In layi yana tsalle duk lokacin da ka murɗa makunnin VOLTS/CM, mai daidaita tsayin siginar a gilashi, galibi datti ne. Jiƙa 'yar farar takarda da sufirit, ka ja ta a hankali tsakanin ƙarafan. Kada ka kankare su. Bawul kuwa, wato ƙwan gilashin da ke ƙara wa sigina ƙarfi, a duba shi daga baya.

Inda nake so ku natsu shi ne nan. Kun ga fararen sandunan tangaran da aka jera kayan a kai? Kowane ɗan rami an shafe shi da azurfa. Dalmar kasuwa, in ka yi ta maimaita ta, tana cinye azurfar har ramin ya saki, kuma ba ya dawowa. Shi ya sa kamfanin ya riƙa maƙala ɗan ƙullin dalma mai azurfa a cikin injin. Da ita za ka yi aiki, kuma kada ka danna bakin ayon narka dalma cikin ramin, tangaran ɗin zai tsage. Taɓa gefe kawai, dalma ta narke, ka ɗaga.

Yanzu bari mu mayar da akwatin cikin injin, mu jona wayar kalibireta, wato inda injin ke fitar da siginar gwaji mai kusurwoyi, mu ga ko kusurwoyin siginar sun miƙe.