Fim ɗin zanga-zanga daga ƙauye

(Laccar da aka yi wa matasa masu ɗaukar bidiyo a wani gidan kallo a ƙasar Ringim. An rubuto ta daga naɗin murya.)

Assalamu alaikum. Iyayenmu da ke sahun gaba, a gafarce ni, yau da samari zan yi.

Ranar 1 ga Agusta 2024 aka fito zanga-zangar tsadar rayuwa, har aka kafa dokar hana fita a Kano da Jigawa. Na kalli abin da kuka ɗauko a wayoyinku: hayaƙin taya, gudu, ihu. Duk iri ɗaya. Ɗazu wani ya ce mini, "Malam, mu da ke ƙauye me za mu ɗauka?" To, kai ne ma ke zaune a gindin labarin.

A 1965, Santiago Álvarez na ƙasar Kuba ya yi fim mai suna "Now!" kan gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka. Ko minti goma bai kai ba. Babu jarumi, babu hira. Hotunan jarida da guntayen bidiyon labarai ya jera a kan waƙa ɗaya, yana yanka su daidai da bugun kiɗan. Wannan shi ne fim na gwaji: ka bar tsarin da aka saba, ka nemo wanda ya dace da maganarka.

Gwada haka. Ɗauki hannun uwa tana awon gero, kwanon bai cika ba. Kada ka sa kiɗa. Ɗora masa muryoyin masu zanga-zangar Kano. Ko ka nuna injin ban-ruwa a kashe a fadama, ka saka jawabin 29 ga Mayu 2023 na cire tallafin mai. Mai kallo da kansa zai haɗa.

Mai janareto, a ɗan matsar da shi baya, don Allah.

Sai batun fuska, kuma nan ba wasa. Kun ga yaran da aka gurfanar a kotu a Abuja kan wannan zanga-zangar a Nuwamba 2024, wasu har suka yanke jiki suka faɗi. Bidiyonka na iya zama shaida a kan ɗan wani. Ɗauki ƙafafu, inuwa, silifas ɗin da aka bari a titi.

A Ajantina kuwa, masu shirya fim Solanas da Getino sun yi nasu fim ɗin a 1968, ana nuna shi a ɓoye, a tsayar da shi a tsakiya ’yan kallo su yi muhawara. Baba da ya ga zamanin majigi yana ta gyaɗa kai. Mu ma bari mu tsaya a nan. Kai mai jar hula, tun ɗazu hannunka a sama, bismilla.