Kan Harsashi, Kuzar Jos da Ƙurar Dalma

Auta: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Jos. Hunturu ya kankama, kowa a cikinmu da rigar sanyinsa. Yau ina tare da Kawu, wanda ya shafe shekaru yana kula da ma'ajiyar makamai kafin ya ajiye kaki, da kuma Malama, mai koyar da ilimin sinadarai a sakandare. Kawu, barka da zuwa.

Kawu: Barka kadai, Auta. Allah ya yi albarka.

Malama: Amin. Sannunku da sanyi.

Auta: Wani bidiyo na gani, Kawu. Wani dattijo ne a Amurka, yana zaune a garejinsa yana narka dalma, yana zubawa a mazubi, yana fitar da kawunan harsashi ɗaya bayan ɗaya kamar mai toya waina a tanda. Ya ce sai da ya sayi mazubi uku kafin ya dace da wanda ƙaramar bindigarsa ba ta cijewa da shi. Na ce to, ashe harsashi ba harsashi ba ne?

Kawu: Kafin in amsa maka, bari mu fara da doka, don kada wani yaro ya ji mu ya ɗauka wasa ne. A can, mutum yana iya yin wannan a gidansa don harbin takarda ko farauta. A nan kuwa, Dokar Makamai ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga, ko fistol ko libarba, cikin jerin makaman da aka haramta, lasisinta sai daga shugaban ƙasa. Bindigar farauta sai da izinin Sufeto Janar, bindigar toka ta maharba kuma kwamishinan 'yan sandan jiha ne ke ba da ita. Ƙera harsashi ba da izini ba, kurkuku ne. Wannan aikin masana'antar ƙera makamai ta DICON ne ta Kaduna, da aka kafa a 1964, da waɗanda gwamnati ta sahale wa.

Auta: Mun ji, Kawu. Ilimin abin muke so.

Kawu: To madalla. Libarba ba ruwanta da siffar kan harsashi, domin kowane harsashi yana zaune a ɗakinsa cikin ganga tun farko, gangar ce kawai ke juyawa. Amma fistol mai ɗura wa kanta, lamarinta daban. Harsasai suna jere a gidansu cikin mariƙi, sifirin yana turo su sama. Da ka ja kunama ta tashi, saman bindigar zai ja baya ya tofar da kwankon, ya dawo ya kwaso na gaba, ya hau da shi wani ɗan tudu mai santsi, sannan ya cusa shi ɗaki. Duk kafin ƙiftawar ido. To me ke fara taɓa tudun nan?

Auta: Kan harsashin.

Kawu: Yawwa. Ka taɓa shigar da babur zaure ta kan katako? In tayar ta hau katakon daidai, sai ka ji sumul. In ƙasan injin ya riga ta dukan dakali, nan za ka tsaya. Harsashi mai kai kamar tsinin ƙwai yana sulalewa ya hau. Mai faffaɗan kai da kafaɗa kuwa, kafaɗar ce ke karo da tudun, sai ka ga harsashi ya tsaya a karkace, hanci sama ko hanci ƙasa, bindiga ta cije.

Malama: To me ya sa mutum zai nemi mai kafaɗar tun farko, tunda ita ce matsalar?

Kawu: Masu gasar harbi ne ke sonta. Kafaɗar tana yanka rami a takarda tsaf, kamar abin huda takarda na ofis, alƙali ya ƙirga maki ba gardama. Mai zagayayyen kai yaga takardar yake yi. Kin ga bindigar nan da John Browning ya ƙera, wadda sojojin Amurka suka ɗauka a 1911, don zagayayyen harsashi aka yi ta, mai nauyin kusan giram 15. Da 'yan gasa suka zo da masu kafaɗa, sai ta riƙa cijewa. Shi ya sa wani mazubi na kamfanin Hensley & Gibbs, mai lamba 68, ya yi suna sosai. An ja hancinsa ya yi tsawo, yadda zai taɓa tudun kusan inda zagayayyen ke taɓawa, kafaɗar kuma tana can baya. Har yau wasu kamfanoni siffarsa suke kwaikwaya.

Auta: Wato ya haɗa biyun ke nan.

Kawu: Ya haɗa. Amma kada ka ɗora wa harsashi laifin komai. Wata rana a filin atisaye wani yaro ya kawo mini bindigarsa, zufa na karyo masa, wai kowane harbi na uku sai ta cije. An canza harsasai, an shafa mai, ba ta daina ba. Na zaro gidan harsashin na ɗaga shi a rana, sai ga leɓensa ɗaya ya ɗan lanƙwashe, bai fi kaurin farce ba. Ashe ya taɓa faɗuwa kan siminti. Muka sa wani, shi ke nan. Mu dai namu harsasan masu rigar jan ƙarfe ne, daga masana'anta. Na dalma zalla ya fi saurin lotsewa in ya daki tudun, kuma yana barin ragowar dalma a cikin bututun bindiga. Kamfanin Glock ma yana gargaɗin masu bindigoginsa da su guji harsashin dalma marar riga.

Malama: Nan ne maganar ta iso gida, Kawu. Dalma ita kaɗai laushi gare ta, farce ma yana yi mata zane. Don haka masu zubin suke haɗa ta da wani ƙarfe da ake kira antimoni don ta yi tauri, da kuma kuza don ta gudana ta cika kowane lungu na mazubi.

Auta: Kuza? Irin tamu ta nan?

Malama: Ita fa. Kuzar da ta tara kakanninmu a garin nan daga Kano, Katsina, Bauchi da Barno tun farkon ƙarni na 20, lokacin da Turawa suka buɗe ma'adinai. Tafkunan nan da kake gani a Rayfield da Bukuru, ai ramukan kuza ne ruwa ya cika. A farkon shekarun 1960 aka buɗe masana'antar narka ta ta Makeri. Kuza tana narkewa a ma'aunin zafi 232, dalma kuma a 327. Wutar gawayi ma ta ishe su, kuma wannan sauƙin shi ne abin da ke ba ni tsoro.

Kawu: Faɗa musu, Malama.

Malama: Na ga bidiyon da Auta yake magana. Dattijon ya sa safar hannu da tabarau, ƙofar garejin a buɗe, ga fanka tana jan hayaƙi waje. Mu kuma a nan, ban da maganar bindiga sam, je ka wajen masu fasa tsofaffin batiran mota. Hannu tsirara, a tsuguna kan tukunya, a tashi a ci ƙosai ba a wanke hannu ba. Da yamma a koma gida da rigar aikin, yaro ya rugo ya rungume uba. Ƙurar dalma ba ta da wari, ba ta da ɗanɗanon da zai sa ka tofar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da za a ce ba ya illa, kuma ƙwaƙwalwar yara ta fi cutuwa.

Auta: Abin da ya faru a Zamfara ke nan?

Malama: Gubar ɗaya ce, hanyar ce ta bambanta. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Yargalma da Bagega. Dutsen zinari ake kawowa cikin gida, ana daka shi a turmi, ana niƙa shi a injin niƙa, ashe cike yake da dalma. Yara fiye da 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. A 2015 aka sake ganin irinsa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Kawu: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan su. Ni ma a wurin aiki, duk ranar da muka yi atisaye ko muka goge bindigogi, ba na barin kowa ya taɓa abinci sai ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Wasu suna ganin tsanani ne, amma ban taɓa sassautawa ba.

Malama: Kuma iyaye mata su ji ni da kyau. Kwallin dutse da muke ranganɗa wa jarirai, an sha auna shi a samu dalma ce mafi yawansa. Jariri ya murza ido, ya kai hannu baki. Na daina sa wa nawa tun da na san haka.

Auta: To wanda sana'arsa ke nan fa, Malama, batiri ko walda ko haƙar ma'adini? Ba za a ce ya bar neman abincinsa ba.

Malama: Ba wanda ya ce ya bari. Ya ware kayan aiki da takalmi, ya bar su can wurin aiki, kada su shiga wankin gida. Ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro. Kada a narka komai a tsakar gida ko a tukunyar da za ta koma kan murhu. In yaro ya fara yawan ciwon ciki, kasala ko jijjiga ba dalili, a gaya wa likita irin aikin da uban yake yi, a nemi gwajin dalma a jini.

Auta: Kawu, akwai saura?

Kawu: Maganar maharba da bindigar toka ce ban taɓo ba, ita ma doguwa ce. A bar ta sai wani zaman.

Auta: Mun riƙe ku da wannan alkawari. Kawu, Malama, mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu sauraro, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.