Murhun Tsakar Gida da Ke Ɗumama Ɗakuna: Yadda Ake Kafa Shi da Kula da Shi a Ƙasashen Sanyi

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa.

Wannan ɗan ɗakin ƙarfen da kuke gani can nesa da gida, yana tsaye cikin dusar ƙanƙara hayaƙi na fita ta kansa, murhu ne. Wutar da ke ci a cikinsa ita ke ɗumama falon gidan da ɗakunan kwana, ita ke dafa ruwan wanka, wani lokaci har garejin mota da shagon aiki duk a wuyanta suke. Amma ko tsinke ɗaya na itace ba ya shiga gidan.

Za ku fi ganin irinsa a karkarar jihohin Minesota da Wiskonsin da Mishigan na Amurka, da kuma ƙauyukan Kanada. Sanyin wuraren nan ba na wasa ba ne. A ranar 2 ga Fabrairun 1996, kusa da garin Tower a Minesota, ma'auni ya sauka zuwa digiri 51 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. A irin wannan ƙasa, gidan da ɗuminsa ya ɗauke na kwana guda bututunsa na ruwa fashewa suke yi. Gidajen karkara da yawa kuma bututun gas bai kai gare su ba, sai dai mota ta kawo musu gas ko man ɗumama gida da tsada. To mutumin da yake da dajinsa a bayan gona, ga zarto mai inji, ga ƙarfin jiki, sai ya ga me zai hana ya ƙona nasa itacen. Daga nan kasuwar ta buɗe. Kamfanin Central Boiler, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera shi, a wani ƙaramin gari yake mai suna Greenbush a arewacin Minesota.

Bari mu leƙa ciki. A tsakiya akwai akwatin wuta na ƙarfe mai kauri. Kewaye da shi tankin ruwa ne, wanda a yawancinsu yake ɗaukar tsakanin lita 500 zuwa 1,500, gwargwadon girman murhun. Wuta ta dafa ruwan ya kai kusan digiri 80, sai wani ƙaramin inji na lantarki ya tura shi ta bututu a ƙarƙashin ƙasa zuwa cikin gida. A can sai ya bi ta cikin wani abu mai kama da lagireton mota: ruwan zafi na zagayawa ciki, fanka na hura iska ta jikinsa, iskar ta ɗauki ɗumin ta rarraba ɗakuna. Ruwan ya ɗan huce, ya dawo ta bututu na biyu, a sake dafa shi. Haka yake ta kai da komo dare da rana.

Murhun yana da na'urar da ke auna zafin ruwan. Idan ya kai inda aka saita, sai ta rufe ƙofar iska, wuta ta lafa. Idan ya sauka, ta buɗe, fanka ta hura, wuta ta tashi. Ku riƙe wannan a zuciya, domin kusan duk rigimar da ake yi a kan wannan murhu daga wannan lafawa da tashi take fitowa.

Wanda zai kafa, kafin ya taɓa shebur, hukumar garinsu zai fara nema, sannan kamfanin inshorar gidansa. Akwai garuruwan da suka hana shi gaba ɗaya. A jihar Niyok, dokar sabon murhu na gida ta ce ya kasance aƙalla ƙafa 100 daga iyakar filin maƙwabci, wato wajen mita 30, bututun hayaƙinsa kuma kada ya gaza ƙafa 18 daga ƙasa. Bayan doka, sai mutum ya lura da inda iska ta fi kaɗawa a lokacin hunturu, ya ajiye shi yadda hayaƙi ba zai nufi tagarsa ko ta maƙwabci ba. Ana zuba masa daɓen kankare, a bar fili a gaban ƙofa inda za a tsaya a zuba itace, a kuma bar rami a baya inda bututu za su fito. Wannan duk mai sauƙi ne.

Inda nake so mu daɗe shi ne ramin bututu, domin a nan mutane suka fi binne kuɗinsu ba su sani ba. Bututun roba ne guda biyu masu jure zafi, na tafiya da na dawowa, yawanci inci 1 ko inci 1 da kwata. Nagarin yana zuwa ne a dunƙule cikin soso mai tauri wanda ruwa ba ya ratsa shi, an kuma rufe shi da baƙar roba mai kauri. Yana da tsada ƙwarai, har mutum ya ji farashin ƙafa ɗaya ya ja da baya. Sai ya koma ga mai arha, wanda aka naɗe bututun da ɗan mayafi aka zura cikin tiyo. Shekarar farko lafiya lau. Daga nan tiyon ya ɗan tsage a wani wuri, ruwan ƙasa ya shiga, mayafin ya jiƙe. Jiƙaƙƙen mayafi kuwa ba ya riƙe zafi, miƙa shi yake yi ga ƙasa. Mai gida yana ta faskare, yana ta zuba itace, gida ba ya ɗumi, ashe gonar yake ɗumamawa. Ku dubi wannan hoton: ko'ina fari fat da ƙanƙara, sai layi ɗaya da ta narke daga murhu har bangon gida. Duk wanda ya ga haka a gidansa ya san sai an sake tono. Ni dai a ganina, in kuɗi bai kai ba, gara a sayi ƙaramin murhu da bututu mai kyau da a sayi babba a haɗa shi da na banza. Murhu a sarari yake, ana iya canza shi da rana tsaka. Bututu kuwa yana ƙarƙashin ƙasar da kan daskare ta yi tauri wata da watanni.

Gwajinsa ba wuya. A auna zafin bututu inda ya bar murhu, a auna inda ya shiga gida. Bambancin digiri ɗaya ko ƙasa da haka ba komai. Idan ya kai huɗu ko biyar, akwai matsala a ƙasa.

Sannan akwai wani abu da masu haɗawa da kansu kan manta. Ruwan da ke dawowa daga gida kada ya yi sanyi da yawa. Idan ya sauka ƙasa da digiri 60, bangon akwatin wuta yakan yi gumi daga ciki, gumin ya haɗu da hayaƙi ya zama ruwa mai cin ƙarfe. Shi ya sa ake sa wani bawul da ke mayar da ruwa murhu kai tsaye har sai ya yi zafi sosai, kafin ya bar shi ya wuce gida. Ranar cika tanki kuma ba a zuba ruwa zalla. Yawancin waɗannan murhu a buɗe suke ta sama, iska na taɓa ruwan, don haka sai an haɗa masa maganin hana tsatsa.

Yanzu ga maganar itace, wadda ita ce rabin aikin ko fiye.

Shekarun baya an yi ta tallar wannan murhu da cewa komai ka jefa masa zai cinye, ɗanye da busasshe, gungume da reshe. Gaskiya ne zai ci, amma ku ji abin da ke faruwa. Itacen da aka sare yau, kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Gungume mai kilo 20, wajen kilo 10 ruwa ne ke nan, kuma dole wuta ta fara tafasa wannan ruwan ta kore shi tururi kafin itacen ya ba da zafin kirki. Zafin da ya kamata ya tafi ɗakin yara ya bi bututun hayaƙi. Wutar kuma ba ta yin ƙarfin da za ta ƙone hayaƙinta, ga bangon akwatin da ruwa ke sanyaya shi ta ko'ina. Sai na'urar nan ta rufe iska, itace ya yi ta turnuƙewa a ciki awa da awanni, yana shafa wa bango wata baƙar kwalta mai danƙo. Da ta sake buɗewa, sai hayaƙi ya tuɗaɗo, mai kauri, mai wari, ga bututu gajere, ya kwanta ƙasa-ƙasa ya nufi gidan maƙwabci. In akwai mai asma a gidan nan ko tsoho mai ciwon zuciya, wannan cutarwa ce ta gaske, kuma haƙƙi ne a wuyan mai murhun. Ba a rasa maƙwabtan da suka kai juna kotu a kan haka ba.

Wannan ne ya sa hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta shigo. A 2015 ta kafa iyakar hayaƙin da sabon murhu zai fitar kafin a yarda a sayar da shi don gida, a 2020 kuma ta ƙara matse iyakar sosai. Murhun da suka tsallake wannan gwaji yawancinsu ɗaki biyu gare su. Itace na sama, sai fanka ta tilasta wa hayaƙin ya bi ƙasa ta cikin garwashi, ya shiga ɗaki na biyu da aka shimfiɗe da tubalin da ke jure wuta, inda yake kamawa ya ƙone da zafin da ya kai wajen digiri 1,000. Hayaƙin da dā yake damun unguwa ya koma makamashi. Itacen da ake ci ya ragu ƙwarai, wanda kuma ya taɓa faskaren hunturu guda ya san darajar wannan. Sai dai sabon murhun ba ya karɓar ɗanye ko kaɗan. A zuba masa jiƙaƙƙe, ƙananan hanyoyin hayaƙinsa su toshe cikin 'yan kwanaki.

Abin da ake nema shi ne danshin itace ya sauka zuwa kashi 20 cikin 100 ko ƙasa. Akwai ɗan ma'auni mai tsini biyu da ake soka wa itace, ba shi da tsada. Amma a faskara icen tukuna a soka a sabon cikinsa, don bayansa yakan bushe ciki na nan jiƙe. A faskara da wuri, a jera a kan katako kada ya taɓa ƙasa, a rufe samansa kawai a bar gefe iska ta ratsa. Itacen wata bishiyar can da ake kira mapul kan bushe cikin shekara guda. Na wata bishiyar kuma da ake kira ok, mai nauyi, yana son shekara biyu. Ma'ana, wanda zai ƙona a hunturun bana, tun bara ko bara waccan ya kamata ya sare. Can suna auna itace da tari mai faɗin ƙafa 4, tsayi ƙafa 4, tsawo ƙafa 8, kuma babban gida mai tsohon murhu na iya cinye irin wannan tari 10 a hunturu ɗaya. Wani abu kuma, a Mishigan da maƙwabtanta ana gargaɗin kada a ɗauko itacen wuta daga nesa, saboda wani koren ƙwaro da aka gano kusa da Ditroit a 2002, wanda ya kashe bishiyoyin ash miliyoyi, kuma cikin itacen wuta yake yin tafiya.

Ana zuba itace sau biyu a rana, safe da dare, kuma a zuba daidai abin da zai kai zubi na gaba. Cika shi maƙil ranar da sanyi ya yi sauƙi shi ke kawo turnuƙewa. Wajen buɗe ƙofa, don Allah a kula. A ɗan sassauta ta, a tsaya a bayanta, a jira daƙiƙu kaɗan. Hayaƙin da ya taru a ciki yana jiran iska ne, in aka wangale lokaci guda yana iya kamawa ya watso harshen wuta a fuska. Shara, leda, taya, katakon da aka yi wa fenti ko magani, ko ɗaya kada ya shiga. Guba suke fitarwa, suna kuma cin ƙarfen.

Kulawar yau da kullum ba ta da yawa, sai dai ba ta son a tsallake. A duba ruwan tanki, a duba igiyar da ke zagaye da bakin ƙofa tana toshe kafar iska, don in ta saki iska za ta riƙa shiga ba izini har ruwa ya tafasa ya zube. A riƙa motsa toka, musamman a kusurwoyi, a kwashe ta cikin bokitin ƙarfe mai murfi a ajiye nesa da gini, saboda garwashi na kwana da kwanaki a cikinta da ransa. Toka in ta bushe ba ta da illa, amma in ta jiƙe takan zama ruwan toka mai kaifi, a hankali ta huda ƙasan akwatin. A kankare kwaltar bango, a goge hanyoyin hayaƙi da burushinsu. Sau ɗaya a shekara aƙalla a ɗebi ruwan tanki a gwada ƙarfin maganin tsatsa. Kamfanoni da dama sun ɗaura garantinsu a kan wannan gwajin, wanda bai aika musu ruwan an gwada ba, ranar da tanki ya fara yoyo shi kaɗai zai ji da shi.

Kada kuma a manta murhun nan da lantarki yake aiki. In wutar lantarki ta ɗauke, injin tura ruwa ya tsaya, ga ruwan zafi cike da tanki a waje amma gida na sanyi. Ƙaramin janareta ya isa ya riƙe shi. Mai tafiya ta kwanaki cikin hunturu kuma ya bar injin yana zagaya ruwa, ya sami wanda zai riƙa zuba itace, ko kuwa tun farko ya haɗa ruwan da maganin hana daskarewa.

Idan sanyi ya wuce, wajen Afrilu ko Mayu, sai a bar wuta ta mutu, a kwashe toka kaf har ƙarfe ya bayyana, a kankare bango, a rufe bakin bututun hayaƙi kada ruwan sama ya sauka ciki, a bar tanki cike da ruwansa mai magani. A bidiyo na gaba za mu shiga cikin gida, mu ga yadda ake haɗa bututun nan da tukunyar ruwan wanka. Sai mun haɗu.