Zineb El Rhazoui: 'Yar jaridar da aka karrama a Faransa, aka kuma ƙwace lambar

Masu kallo, a watan Satumban 2009, ana tsaka da azumin Ramadan, wasu matasan Maroko suka shirya haɗuwa a garin Mohammedia don su ci abinci da rana tsaka, a idon kowa. Tun a tashar jirgin ƙasa 'yan sanda suka tare su. Abin da suke ja da shi shi ne sashe na 222 na dokar laifukan ƙasar, wanda ya tanadi ɗaurin wata 1 zuwa 6 ga Musulmin da ya sha azumi a bainar jama'a. Cikin jagororin taron akwai 'yar jarida Zineb El Rhazoui, haifaffiyar Kasabalanka a 1982.

Ba ta taɓa ɓoye matsayinta ba: a raba addini da gwamnati, kuma kowa na da damar sukar addini, har da Musulunci. Wannan ra'ayi ya kai ta Faransa, inda ta shiga jaridar barkwanci ta Charlie Hebdo. A 2013 ita da editan jaridar, Charb, suka fitar da littafin zane kan rayuwar Annabi (SAW), abin da ya ƙona ran Musulmi ƙwarai, kuma ba a banza ba.

Ran 7 ga Janairun 2015 'yan bindiga suka kai hari ofishin jaridar a Paris, suka kashe mutum 12, har da Charb. Zineb tana hutu a Maroko, shi ya sa ta tsira. Wutar ta iso har gida: bayan fitowar sabon zane a bangon jaridar, zanga-zanga ta ɓarke a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka mutu, aka ƙone coci-coci. Talakawan da aka ƙona wa wuraren ibada ba su suka yi zanen ba, wasu ma ba su taɓa ganin jaridar ba.

Daga nan Zineb ta koma rayuwa da 'yan sanda masu gadi saboda barazanar kisa. Faransawa suka riƙa ɗaga ta sama, har hukumar yankin Paris ta ba ta lambar yabo ta Simone Veil a 2019.

To, ga inda gizo ke saƙa. Da yaƙin Gaza ya ɓarke a 2023, ta fito tana caccakar Isra'ila. A watan Disamba ta yaɗa wani saƙo da ke kwatanta abin da ake yi wa Falasɗinawa da ta'asar 'yan Nazi. Nan take shugabar yankin, Valérie Pécresse, ta janye lambar. Mutanen da suka tafa mata lokacin da take sukar Musulunci su ne suka juya mata baya. A Oktoban 2024 ministan cikin gidan Faransa na lokacin, Bruno Retailleau, ya kai ƙararta gaban masu gabatar da ƙara, bisa zargin ta halasta ta'addanci a wata hira da ta yi kan harin da Hamas ta kai Isra'ila ran 7 ga Oktoban 2023.