Mi ya sa mai zane ke fara fuskar baƙar mace da jan fenti?

Akwai bidiyon wata mai zane tana zana wata baƙar mace, a cikinsa an ga ta shafe fuskar zanen da jan fenti. Wagga fuskar da ta yi jajir, ita ce hoton da aka yanke daga bidiyon ake ta yaɗawa, wai mai zanen ta yi wa baiwar Allah bilicin. Har wasu na cewa a biya ta diyyar kalarta. To, ba a gama zanen ba. Shimfiɗar farko ce kuke gani, kuma ita za mu tsaya kanta.

Abin da ya gabace ta ba wuya. An ɗaure kanbas, wato ƙyallen da ake zane a kai, an shafe shi da farin share fage sau 2, an fitar da fuska da fensir, ga ɗaurin ɗankwali, ga 'yan kunne. Mu wuce.

Yanzu ga jan. A jikin kwalbarsa za ku ga an rubuta Burnt Sienna, launin jar ƙasa ne. Ana tsinka shi ya yi ruwa-ruwa, a shafe fuska da wuya da hannuwa gaba ɗaya. Dalili shi ne baƙar fata ba baƙin fenti ba ce. Ku kalli kuncin 'yar'uwarku da hantsi, za ku ga ja da rawaya suna leƙowa ta ƙarƙashi. Mai zane na ajiye wannan ɗumin tun farko, sannan ta bi shi da duhu siriri-siriri, yadda jan zai riƙa haskowa ta ciki.

Duhun ma ba daga kwalbar baƙi take ɗebo shi ba. Ku lura da hannunta: kashi 2 na ruwan ƙasa mai duhu, Burnt Umber, kashi 1 na shuɗi, Ultramarine. Wanga shuɗin, shi ne dai na bular da ake sa wa fararen kaya. Ta cakuɗa, ya yi kusan baƙi, amma da rai. In mai wankan tarwaɗa ce, a rage shuɗin, a ɗiga ruwan ɗorawa. Shafi 3 ko 4, kowane sai ya bushe kafin na gaba.

Ga abin da ke faruwa in an bi gajeruwar hanya. Ku ɗauka an raba fuska gida biyu. Gefen hagu, baƙi tsantsa aka shafa, da aka zo neman haske aka zuba fari. Baƙi da fari toka suke haifarwa, kuma farin fenti yana rufe duk abin da ke ƙasansa. Shi ya sa fuskar ta yi furu-furu kamar ƙafar da ba ta ga mai ba cikin hunturu. Gefen dama, hasken da ruwan ɗorawa da ɗan ja aka haɗa shi, farin kuwa ɗigo ne kan tsinin buroshi. Kuma wuri 4 kawai: goshi, karan hanci, saman kunci, leɓen ƙasa. In a waje aka zaunar da wadda ake zanawa, a sa wa ɗigon ɗan shuɗi, domin fata mai sheƙi tana ɗaukar launin sararin sama.

Masu aiki da akirilik, fentin da ake tsinkawa da ruwa, a Sakkwato, kun san halin da ake ciki. A watan Afrilu zafi na wuce digiri 40, fenti na bushewa kan faranti kafin ka juya. Jiƙa tsumma ka shimfiɗa, ka ɗora takarda mai santsi, ka haɗa launi a kanta. Ruwan tsinkawa kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku, in ba haka ba fentin ba ya kama jiki. Sannan akirilik yana ƙara duhu in ya bushe, don haka kar a yanke hukunci yana ɗanye.

Hotuna sun ƙare mana, bari in faɗi ra'ayina. Masu zargin bilicin ba su yi shi a banza ba. Da yawa masu kawo aiki, musamman na amare, sukan ce a ɗan ƙara mata haske, a rage kumatu, a goge tsagen fuska. Hoton wayar da suke kawowa ma tuni ya sha gyara. Matsalar ta daɗe: a shekarun 1950, kamfanin fim ɗin kyamara na Kodak da hoton Baturiya ya riƙa daidaita launin hotunan da ake wankewa. Ni dai a gani na, in za a zana mace, a zaunar da ita a inuwa da safe, a haɗa launin ana kallon fatarta, a gwada shi a gefen takarda kusa da hannunta.

Mu koma kan allon. Shafi na huɗu ya bushe, jan ya koma ciki. Saura kwalli, da lallen yatsu, da tsagen Gobirawa da ta bari a kumatun. Kowane tsage layi biyu ne a manne: siririn duhu, sai siririn haske a gefen da rana ke bugawa. In an ja layi ɗaya kawai, zai fito kamar an zana da biro.